RA'AYI: Baiko na ƙaruwa, coci na ramewa: Abin da rahoton shekara guda ke ɓoyewa

A ƙarshen kowace shekara, ko a farkon sabuwa, ma'ajin ƙaramin coci kan miƙe gaban jama'a ya karanta rahoton kuɗi. Daga majami'un da ke sujada da Hausa a Mararaba, Masaka, Kuje da Suleja, har zuwa na ƙauyukan Kudancin Kaduna, Filato, ƙasar Tangale, Zuru da Kudancin Borno, rahoton yakan ƙare da albishir iri ɗaya: abin da ya shigo bana ya fi na bara. Albishir ɗin gaskiya ne a takarda. Sai dai a shekaru goma da suka gabata ya zama babbar hanyar da ƙananan majami'u ke ruɗin kansu da kansu, domin cocin da baikonsa ke ƙaruwa kowace shekara na iya kasancewa yana talaucewa kowace shekara ba tare da kowa ya lura ba.

Idan ana maganar coci da kuɗi a Najeriya, hankali kan tafi ga manyan majami'u masu jami'o'i da jiragen sama da ɗakunan taro masu cin dubban mutane. Waɗannan 'yan ƙalilan ne. Akasarin Kiristocin ƙasar nan suna sujada ne a majami'u masu mutum tamanin, ko ɗari, ko ɗari biyu, inda fasto ɗaya ko mai bishara ɗaya ke riƙe da komai, ma'aji kuma malamin firamare ne ko ɗan kasuwa da ya karɓi aikin don Allah. Lafiyar aljihun irin wannan coci ba ta bayyana a rahoton shekara guda. Sai an jera rahotannin shekara goma, an auna su da abin da kuɗin ke iya saye, da yawan hannuwan da ke bayarwa, da abin da aka ajiye domin gobe, sannan gaskiya ke fitowa.

Lissafin da ba a yi

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun isa su faɗakar da kowane ma'aji. A watan Disamban 2015 hauhawar farashi tana kashi 9.55 cikin ɗari. A Disamban 2016 ta kai kashi 18.55. Ta ɗan sauka a shekarun da suka biyo baya, amma ba ta sake komawa ƙasa da kashi 11 ba. A ƙarshen 2022 ta kai kashi 21.34, a ƙarshen 2023 kashi 28.92, a ƙarshen 2024 kuma kashi 34.80. Idan aka ɗora waɗannan shekaru goma a kan juna, farashin kaya ya ninka fiye da sau biyar tsakanin ƙarshen 2014 da ƙarshen 2024.

A ɗauki misalin cocin da ke tara naira 100,000 a wata a ƙarshen 2014. Domin ya tsaya cak a inda yake, ba ci gaba ba ci baya, yana bukatar sama da naira 500,000 a wata a ƙarshen 2024. Idan abin da yake tarawa ya kai naira 300,000, jama'a za su yi murna cewa baiko ya ninka sau uku, alhali a zahiri cocin ya rasa fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin aljihunsa. Babu shekarar da ma'aji ya kawo labarin faɗuwa, babu kuma wanda ya yi ƙarya, amma cocin ya rame.

Laifin ba na masu bayarwa ba ne. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 zuwa naira 30,000 a 2019, sannan zuwa naira 70,000 a 2024. Wato bai kai ninki huɗu ba a lokacin da farashi ya haura ninki biyar. Ma'aikacin da ke fitar da ushirinsa da aminci, wanda da yawa ke kira zakka, yana bayar da kashi ɗaya cikin goma na albashin da shi kansa ya tsuke. Abubuwan da coci ke kashe kuɗi a kai kuma suna cikin waɗanda suka fi tsada. Litar man fetur da ake zuba wa janareto da babur ɗin fasto tana naira 87 a 2015, ta koma naira 145 a 2016. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Dala, wadda da ita ake shigo da lasifika da kayan kiɗa da batir, ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati a ƙarshen 2014, amma ta wuce naira 1,500 a 2024.

Saboda haka tambayar da ta kamata dattawan coci su riƙa yi ita ce: baikon wata guda buhun masara nawa zai saya bana, buhu nawa ya saya shekara biyar da suka wuce? Manomi ya fi kowa fahimtar wannan ma'auni, kuma ba ya bukatar digiri a fannin lissafi.

Wa ke biyan giɓin

Giɓin da ba a gani a takarda ba ya ɓacewa. Akwai masu biyansa, kuma galibi su ne waɗanda ba sa iya ɗaga murya.

Na farko shi ne fasto. Ba a iya roƙon mai sayar da fetur ya rage farashi saboda coci, kuma kason da ake aikawa gunduma da hedikwata wajibi ne. Abin da ya rage mai taushi a kasafi shi ne albashin mai hidima, wanda ake iya bari shekara uku ko huɗu ba ƙari, ko a biya rabi a ce ya yi haƙuri. Doka ma ba ta iso gare shi ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014, wadda ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, ta fi matsa wa manyan ma'aikatu. Cocin da ke da fasto ɗaya da mai gadi ɗaya yakan zauna a gefen waɗannan tanade-tanade, sai fa idan uwar ɗarikarsa ta yi nata tsari. Ga kuma wani tarko: fasto yana zaune a gidan coci, don haka ranar da ya yi ritaya, ko ya rasu, iyalinsa kan rasa albashi da matsuguni a rana ɗaya. Albashin da bai tashi tare da farashi ba bashi ne a wuyan coci, ko da ba a rubuta shi a shafin basussuka ba.

Na biyu shi ne ginin kansa. Kwanon rufi yana da shekarun da zai yi, haka janareto, haka benci da lasifika. Kowace damina tana cin wani abu daga cikinsu. Rahoton ma'aji bai cika nuna wannan ba, domin ba kuɗi ne da suka fita daga akwati ba. Sai ranar da iska ta yaye rufin, ko janareto ya ƙi tashi, a kira taron gaggawa kamar abin ya zo ba zato, alhali shekara goma sha biyar yana sallama.

Na uku su ne mabukata. Kuɗin marayu, da na matan da mazajensu suka rasu, da na maras lafiyar da aka kwantar a asibiti, da na mai bisharar da aka tura wani ƙauye, su ake fara tsakura idan wata ya yi nisa. Cocin da shekara goma da suka wuce ke biya wa yara biyar kuɗin makaranta, yau kuma ba ya biya wa ko ɗaya, ya yi asara babba, ko da lissafinsa ya daidaita tsaf. An daidaita shi ne ta hanyar daina aikin da aka kafa cocin dominsa.

Hannu nawa ke riƙe da jinka

Jimillar kuɗi ba ta faɗin ko daga hannu nawa suka fito. A ƙananan majami'u da yawa, gidaje uku ko huɗu ne ke ɗauke da rabin nauyi: wani darakta a ma'aikatar gwamnati, wata ma'aikaciyar jinya, wani ɗan kwangila. Muddin suna nan, komai na tafiya. Da zarar an yi wa ɗaya sauyin wurin aiki, ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya yi fushi da fasto, sai kasafi ya durƙushe. Haɗarin bai tsaya ga kuɗi ba. Mutumin da ke biyan rabin albashin fasto yana da wuya a tsawata masa daga kan bagadi, kuma ra'ayinsa a zaman dattawa kan fi na kowa nauyi. Haka gudummawar ɗan siyasa, wadda ke zuwa gab da zaɓe ta ɗauke bayansa. Cocin da ya lissafa ta cikin kuɗin shigarsa na yau da kullum ya ɗora kasafinsa a kan ruwan da ba ya sauka sai bayan shekara huɗu.

Cocin ƙauye yana da tasa matsalar. Kuɗinsa na bin kalandar gona. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin kaka da bikin godiya, akwai masara da dawa da doya da kaji. Daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma kowa na neman kuɗin taki, kwanon baiko kan dawo kusan wayam. Cocin da ya sayar da hatsin godiya a kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa, ya kashe kuɗin kafin Ista, shi ne ke kasa biyan fasto a tsakiyar damina. Ban da wannan, matasan da cocin ƙauye ya raina, ya koya musu karatu da waƙa, sukan tafi Abuja ko Kaduna ko Legas, ushirinsu ya koma cocin birni. Ƙauye ya yi shuka, birni ya girbe. Idan aka duba shekarun masu bayarwa a irin wannan coci za a ga tsofaffi ne, kuma wannan alama ce da ta fi kowace jimilla faɗin yadda shekara goma masu zuwa za su kasance.

Sai kuma ranakun da komai ke tsayawa. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Abuja da Legas da Ogun saboda korona, jihohi da dama suka bi sahu, majami'u suka yi makonni ba taro. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya janye takardun kuɗi daga hannun jama'a, cocin da bai san wata hanyar karɓar baiko ba sai kwano ya ji jiki. Mafi tsanani shi ne abin da ya sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, majami'unta masu ɗimbin yawa a Borno da Adamawa suka watse. A Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai, hari ɗaya kan hana gari noma na shekara, garin da bai yi noma ba kuwa ba ya bikin godiya. Cikin shekara goma an ga annoba, an ga ƙarancin kuɗi, an ga ƙaura. Ba za a ƙara kiran irin waɗannan abubuwa ba-zata ba. Kasafin da bai yi musu tanadi ba ya gaza tun daga tushe.

Ginin da ya fi ƙarfin masu shi

Babu abin da ke cinye ƙaramin coci kamar sha'awar babban gini. Jama'a ɗari da hamsin su zana majami'ar mutum dubu, a gayyaci manyan baƙi, a yi alkawura a bainar jama'a, a haƙa harsashi. Alkawarin da aka yi da baki ba duka ke zama kuɗi ba, wanda ya zama kuɗin kuma yakan iso bayan farashi ya gudu. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya kai naira 10,000 ko fiye a wurare da yawa a farkon 2024. Duk wanda ya bi unguwannin da ke kewaye da Abuja zai ga sakamakon: ginshiƙai tsaye, rodi ya yi tsatsa, jama'a na sujada a rumfar kwano a gefe. Kuɗin da aka binne a nan su ne ƙarin albashin fasto, su ne gyaran tsohon rufi, su ne kuɗin makarantar marayu.

Ga kuma batun fili. A Babban Birnin Tarayya, ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon bayar da fili bisa doka. Takardar da aka karɓa daga hannun mai unguwa ko dillali ba ta hana rusau, kamar yadda mazauna birnin suka gani tun zamanin da Nasir El-Rufai ke minista tsakanin 2003 da 2007. Cocin da ya zuba tarin shekara ashirin a kan filin da ba shi da takardar mallaka yana ganin kansa mai dukiya, alhali dukiyar tana iya zama ɓaraguzai cikin safiya guda. Wani lokaci kuma takardar tana nan, amma da sunan wanda ya kafa cocin, ranar da ya rasu sai magada su zo da tasu magana.

Tarihin waɗannan majami'u ya nuna wata hanya dabam. Henry Venn, wanda ya zama sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a 1841, ya dage cewa cocin da aka dasa a wata ƙasa dole ya riƙe kansa, ya mulki kansa, ya kuma yaɗu da ƙarfin kansa. Mishan ɗin da suka shigo tsakiyar Najeriya da arewacinta, SIM a Patigi a 1902, SUM a Wase a 1904, da 'Yan'uwa a Garkida a 1923, sun bar majami'u da suka tashi a kan gini na laka da jinka, wanda jama'a ke yi da gayya, da mai bishara mai noma gonarsa. Tun a 1948, shekara shida kafin a kafa ECWA a 1954, masu bi na wannan ɗarika suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, EMS, da kuɗin manoma. Ba wanda ke cewa a koma jinka. Darasin shi ne cewa mutanen da suka fi na yau talauci sun fitar da kuɗi zuwa waje, domin ba su ɗora wa kansu ginin da ya fi ƙarfinsu ba.

Bangaskiya da lissafi

Akwai masu ganin cewa irin wannan magana ta 'yan boko ce, coci ba kamfani ba ne, Allah ne mai tanadi. Gaskiya ne coci ba kamfani ba ne, domin ba riba yake nema ba. Amma kuɗin da ke cikin kwano amana ce, kuma amana ta fi jarin kamfani bukatar lissafi. Tsohuwar da ta sa naira 200 daga cinikin daddawa ba ta da lauya, ba ta da odita, abin da take da shi kawai yarda ce. Kirista da Musulmi duka sun san labarin Yusufu, wanda ya tara hatsi a shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari, kuma ba a taɓa kiran wannan rashin dogara ga Allah ba. Manzo Bulus ma, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya shirya wakilan da majami'u suka zaɓa su raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi.

Wasu kuma na tsoron cewa idan aka faɗa wa jama'a gaskiyar halin da ake ciki, gwiwarsu za ta yi sanyi. Abin da ke sanyaya gwiwa shi ne a yi ta kiran baiko na musamman kowace Lahadi ba tare da bayanin inda na baya ya shiga ba. Mutane sukan ƙara bayarwa idan sun ga rami da idonsu, sukan kuma janye hannu idan suka fara zato. Zato ya raba majami'u da yawa gida biyu, wani lokaci ba tare da an saci ko sisi ba, sai dai don ba a rubuta ba.

Gwamnati ba za ta yi wa ƙaramin coci wannan aiki ba. An ga yadda ta ƙare a Janairun 2017, lokacin da ƙa'idojin Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi suka sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya shugabanci cocinsa a Najeriya: cikin 'yan kwanaki aka sauke shugaban hukumar, Jim Obazee, aka dakatar da ƙa'idojin. An ga kuma ƙurar da ta tashi bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni a Agustan 2020, musamman sashe na 839 da ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi watsi da shi, magana ta kai kotu. Ko wane ɓangare ke da gaskiya, jami'in gwamnati ba zai taɓa zuwa ƙirga baikon wani ƙauye a Zangon Kataf ko Billiri ba. Wanda ya ce gwamnati ta cire hannunta daga asusun coci ya ɗauki alhakin sa nasa ido a kai.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ba ya bukatar kwamfuta ko ƙwararren akanta. Abu na farko shi ne takarda guda mai layi goma, layi ɗaya ga kowace shekara, a rubuta abin da ya shigo, da albashin fasto, da abin da aka bai wa mabukata da aikin bishara, da abin da ya rage a ajiye, a gefe kuma farashin buhun masara da litar fetur na wannan shekarar. A karanta wa jama'a ita da harshen da suke ji, a manna ta a bango. Duk wanda ya iya cinikin kasuwa zai gane abin da take faɗi.

Na biyu, a ɗaure albashin fasto da wani ma'auni da ke tafiya tare da farashi, a duba shi kowace shekara ko bai roƙa ba, a kuma riƙa zuba masa wani abu a asusun fansho. Tun Maris na 2019 akwai tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da ƙananan wuraren aiki, don haka ƙanƙantar coci ba hujja ba ce. A nan uwar ɗarika ma tana da aiki. A zamanin shugabancin Rabaran Joel Billi, EYN ta koma biyan albashin fastocinta daga hedikwata, domin wanda aka tura ƙauye mai talauci kada ya zauna da yunwa alhali takwaransa na birni na cikin wadata. Tsarin yana da nasa nauyi a kan majami'u, amma ya amsa tambayar da sauran ɗariku ba za su iya kauce mata ba: idan ƙauye ya raini masu bi, birni ya karɓi ushirinsu, wa zai riƙe faston ƙauye?

Na uku, a yi ajiyar da za ta riƙe coci aƙalla wata uku ba tare da baiko ba, a kuma ware wani kaso kowane wata domin rufi da janareto. Masu cewa naira a banki narkewa take yi suna da gaskiya, amma wannan dalili ne na zaɓar inda za a ajiye. Cocin ƙauye na iya adana hatsin godiya ya sayar a damina, ko ya biya fasto da shi kai tsaye. Na birni na iya sayen kwano da siminti kaɗan-kaɗan idan aiki ya matso, ko ya rage dogaro da fetur ta hanyar sa sola. Akwai kuma takardun lamunin gwamnatin tarayya na masu ƙaramin ƙarfi da aka fara sayarwa a 2017, waɗanda ake shiga da naira 5,000. Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne a kai kuɗin amana wurin masu alkawarin ninka riba. Abin da ya faru da MMM a Disamban 2016 da CBEX a Afrilun 2025 ya isa wa'azi.

Na huɗu, a kare ma'aji da fasto daga zargi da kuma jaraba. Mutum biyu ko uku su ƙirga baiko a gaban juna, su sa hannu. Asusun banki ya kasance da sunan coci, da masu sa hannu fiye da ɗaya, kada tiransifa ta bi ta asusun wani mutum komai amincinsa. Kowace fitar kuɗi ta zo da rasiɗi. A sauya ma'aji bayan wa'adi, wasu daga wata majami'a su duba littafin sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, waɗanda a wurare da yawa suka fi kowa iya tara kuɗi da riƙe su, sun cancanci kujera a inda ake yanke shawarar kasafi, ba a wurin girkin taro kaɗai ba.

Na biyar, kada a haƙa harsashin sabon gini sai takardar fili ta tabbata da sunan amintattun coci, albashi ba ya bin bashi, kuma an raba aikin mataki-mataki yadda kowane mataki zai yi amfani ko da na gaba ya jinkirta.

Mai karatu Musulmi zai gane wannan labari, domin kwamitin masallacin unguwa da makarantar Islamiyya suna fama da irinsa: limami ko malamin da alawus ɗinsa ya daskare, janareton da ya cinye asusu, attajiri ɗaya da kowa ke jira. A wurare da yawa waɗannan ƙananan cibiyoyi su ne makaranta, su ne asusun jinya, su ne mafakar wanda ya gudo daga hari. Idan suka rame, talakan da ke kewaye da su ne ke fara ji a jikinsa.

Ƙaramin coci ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan fara da albashin da aka jinkirta, da ɗigon da aka tara wa bokiti, da marayan da aka ce ya dawo wata mai zuwa. Duk waɗannan alamu suna cikin littattafan da ke hannun dattawa tun tuni, suna jiran wanda zai jera su ya karanta. Shekarar da ta fi dacewa a fara wannan karatu ita ce wadda har yanzu ake iya biyan albashi.